Sakan Biyun Malam Barmo

Tunda kun ce in ba ku labarin yadda muka yi aikin nan kafin kamera ta zo, to ku ajiye wayoyinku. Na ji ɗayanku yana cewa aikin ba shi da wuya: a kafa madubin hangen taurari, a danna maɓalli, a sha shayi, kwamfuta ta faɗi sakamako. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da wannan kan na shigo, lokacin ina mushen lissafi, wato malami, a wata lakol, makarantar boko, a nan Cadawa, ina jin babu abin da zai gagare ni.

Ga waɗanda yau suka fara zama da mu, ga yadda abin yake. Akwai duwatsu da ke zagaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi. Wani faɗinsa ya kai daga nan zuwa Gidan Rumji, wani bai fi filin kasuwa ba. Mafi yawansu madubinmu ba ya ganin su. Amma in ɗaya ya gitta ta gaban tauraro, sai tauraron ya mutu kamar an hure fitila, bayan ƴan sakan ya dawo. Inuwar dutsen tana ratsa ƙasa a miƙe. Wanda ke cikinta zai ga ɓacewar, wanda ke bakinta daga waje ba zai ga komai ba. Shi ya sa ake jera mu kamar masu shuka, kowa da layinsa, kowa ya rubuta lokacin da tauraro ya ɓace da lokacin da ya dawo. Wasu mutane a ƙasar waje, waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba, su ke haɗa layukan su fitar da girman dutsen da siffarsa da hanyar da yake bi. Don su muke aiki. Ba a biyan kowa. Sunanka kawai ake sa wa a gefen layinka, ya zauna nan ko bayan ranka.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Barmo na Gidan Rumji, tsohon ma'aikacin meteyo, ofishin hasashen yanayi. Madubi biyu gare shi. Babban, wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa, ƙaramin kuwa shi ya haɗa shi da kansa, mai walda ya naɗe masa bututun. Wata shida na yi ina hawa moto, wato babur, duk Asabar ina zuwa wurinsa, bai bar ni na taɓa agogo ba. Taswira kawai yake ba ni, ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo wanda ba shi da suna sai lamba, ya ce in samo shi. Sai ka tashi daga Kaza da Ƴaƴanta ko wani tauraro da ka sani, ka riƙa bin ƙanana ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawun akuya a kan tsakuwa. A cikin madubi kuma komai a kife yake, sama ta koma ƙasa. In ka same shi ma ba ka huta ba, don duniya tana juyawa, tauraron yana sulalewa daga idonka, dole ka riƙa tura bututun da yatsa a hankali.

Bayan nan ya auna jinkirina. Ya tsaya can ƙarshen tsakar gida da tocila a kunne, ya kashe ta ba tare da ya gaya mini ba, ni kuma in yi magana. Kaset tana ɗaukar ƙarar maɓallin da muryata, mu auna tsakaninsu. Kowa da nasa jinkirin, kuma sai an cire shi daga lissafi. Kayan aikinmu ke nan duka: madubi, taswira, rediyo mai gajeren zango da ke kamo tashar da ke buga sakan ɗaya-ɗaya, rikoda, sababbin pil, wato batura, jan ƙyalle a bakin tocila don kada farin haske ya kashe maka ido, da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro.

Ranar da ya miƙa mini ƙaramin madubin ya zaunar da ni a zaure.

“Harisu,” ya ce, “amsa ukku ce cikin wanga aiki. Ya ɓace, bai ɓace ba, ban gani ba. Ta biyu shaida ce mai nauyi kamar ta hwarko, don ita ka nuna inda dutse ya ƙare. Ta ukku kuwa ba abin kunya ba ce. Girgije ya kan zo, pil ya kan mutu, mutum ya kan ɓata hanya.”

Na ce na ji. A raina ina ganin tsoho ne mai son tsawaita magana.

Aikina na farko da ya yi kyau a Gangara ne, tare da Buba, wani Bafulatani malamin dabbobi wanda shi ma almajirin Malam Barmo ne a wannan fanni, kuma ya riga ni da shekara biyu. A hanya jandarma suka tsayar da ni, suka ga bututu ɗaure a bayan moto, suka ja da baya suka ce in sauka in kwance shi da kaina. Sai da na kafa shi a bakin hanya na nuna musu ramukan wata kafin suka sake ni, babbansu ma ya sake leƙawa har sau uku. Na isa a makare, amma na samu tauraron. Rediyo tana bugawa, idona yana ruwa, sai kawai ya mutu. Na ce ya ɓace. Sakan bakwai babu komai a wurin sai baƙi. Ya dawo. Da takardar ta zo daga waje, ga layina ga na Buba a kwance cikin zanen dutsen kamar an auna da igiya. Daga nan kaina ya fara girma. Na fara gayyatar mutane kallo.

Shekarar da abin ya faru, bayan an gama ɗaure gero ne, sama ta wanke. Sanarwa ta zo cewa wani babban dutse zai rufe tauraro jim kaɗan bayan isha, inuwar za ta bi ta kudu, ta kan Gangara da bakin iyaka. Aka sa Buba a tsakiyarta. Malam Barmo zai tsaya a gonarsa bayan Gidan Rumji, ni kuma aka ba ni wani wuri a arewacin Cadawa, layi ɗaya da shi daidai. Mu biyu a wajen inuwar muke, masu gadin gefen arewa. Duk abin da ya ratsa ta kansa, ta kaina zai ratsa.

Na isa da wuri, na kafa madubi a wata gonar da aka girbe. Duhu na yi na samo tauraron: wasu uku ne a jere kamar duwatsun murhu, da wani ɗan ƙarami a gefensu, namu shi ne na can tsini. Da na zauna a kansa da shi ke nan. Amma na riga na gayyato sabon direktan lakol ɗinmu, mai garin wurin kuma ya ji labari ya fito da mutanensa bayan salla. Ga tauraron nan mai zobe yana tsaye a sama. Na ce a raina akwai lokaci. Na juya bututu zuwa gare shi, mutane suka yi layi suna leƙawa suna salati, ni kuma ina tsaye ina bayani. Da na duba agogo, saura minti shida.

Na maido madubi a gurguje. Na ga uku kamar murhu, na kama na tsinin, na kunna rediyo da rikoda, na ce kowa ya yi shiru. Minti huɗu ban ɗaga ido ba. Tauraro yana nan daram. Na faɗa wa kaset da babbar murya, don direkta ya ji, cewa bai ɓace ba. Aka yi mini sannu da aiki, aka watse.

Ina shirin kwance kaya na haska taswira da jar tocila, don sabo. Sai idona ya faɗa kan ɗan ƙaramin nan na gefe. Na koma na leƙa. Babu shi. Na tura bututu kaɗan zuwa gabas, sai ga murhun gaskiya da ɗan ƙaraminsa. Minti huɗun nan wani tauraro daban nake gadi.

Na daɗe zaune a kan moto da kaye a cinya. Na ce ai mu a waje muke, ko da na gaskiyar na kalla ba zai ɓace ba. Na ce babu wanda zan cuta. Na tuna direkta da mai gari. Sai na rubuta: sama garau, an kalla minti huɗu, bai ɓace ba.

Washegari da azahar ina fitowa daga aji sai na ga Malam Barmo tsaye a gindin dogon yaro, ƙafafunsa duk ƙura. Motar kasuwa ya biyo tun safe. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ja ni cikin buro, ofishin malamai, ya sa kaset ɗinsa. Rediyo tana bugawa, tana bugawa, sai muryarsa: ya ɓace. Bugu biyu. Ya dawo.

“Sakan biyu da ɗigo ɗaya, bayan na cire jinkirina,” ya ce. “Na yi magana da Buba, nashi goma sha ɗaya ne, babban dutsen ke nan. Ni kuwa ina nesa da inuwar. Harisu, wanga dutse ba shi ɗai yake tahiya ba. Shina da ɗa.”

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya kashe rikoda ya juyo gare ni.

“Kai mi ka gani?”

Kayena yana cikin aljihun tebur, ban aika da komai ba tukuna. Na ce, “Ban ga komai ba, Malam.”

Ya dube ni. “Ba ka gani ba, ko bai ɓace ba?”

Ƙofa ce ya buɗe mini, da na bi ta da yau ba ni da labarin ba ku. Direkta yana tsaye a bakin taga yana saurare. Na ce, “Bai ɓace ba.”

Ya sa na kunna masa tawa kaset. Ya saurari minti huɗun nan duka, kansa a sunkuye. Da ta ƙare ya ce to, Allah shi ya san gaskiya, mu aika duka biyun. Da hannunsa ya sa takardata da tasa cikin ambulan ɗaya.

Amsa ta zo bayan wata biyu, cikin ladabi. Sun ce mutum biyu a layi ɗaya sun saɓa, kuma ba za a ce dutse yana da rakiya a kan ido ɗaya ba alhali ido na biyu ya musanta. Wataƙila jemage ne ya gitta, ko gajiyar ido, abin da kan samu kowa, balle mai shekaru. Sun ajiye layinsa gefe, sun karɓi nawa.

Malam Barmo bai yi gardama ba. Ya tafi Maraɗi aka duba masa ido, likita ya ce lafiyarsa ƙalau, bai yarda ba. A garinsu yana cikin waɗanda ake karɓar shaidarsu a kan ganin wata. Da azumi ya matso liman ya aiko masa kamar kullum, ya ce a nemi yara, idonsa ya fara ganin abin da babu. Bayan salla ya kira ni, ya nuna mini babban madubin a naɗe cikin bargo.

“Ɗauki. Aikin ido ne, kai ka da ido.”

Na ce a’a sau ɗaya, irin a’ar da ake yi don a sake tayi. Na ɗaure shi a moto na taho da shi. Shi ne wannan da kuke ɗora kamerarku a kai.

Buba ne kaɗai ya taɓa tambaya ta. Muna zaune a kasuwar Gazawa ya ce, “Harisu, ka tabbata tauraron nan ka kalla?” Na taso masa da faɗa, na ce ko don ni ba Bafulatani ba ne ake ganin ban san sama ba. Bai sake tambaya ba. Sai dai daga ranar, duk sanda za a raba layi yakan roƙa kada a haɗa shi da kowa.

Shekara tara na yi ina aiki da madubin, sunana yana ƙara fita. Kamera ta zo, da na'urar da ke karɓo lokaci da wuri daga tauraron ɗan adam. Aka fara ba mu ƙananan duwatsun da ke wucewa kusa da duniya, waɗanda suka fi kowane wuya. Inuwarsu ba ta fi daga nan zuwa masallacin can ba, kuma ɓacewar ta fi ƙiftawar ido sauri, ba mutumin da zai kama ta da baki. Akwai wanda muka bi kudu da Gangara, na'ura ta ce wurin tsayuwarmu tsakiyar garken wata ruga ne. Buba ya yi Fulatanci da mai rugar har aka kora mana shanu gefe. Muna kafa kaya cikin kashin shanu wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kanmu ta ce ko dutsen zai faɗo musu. Na ce ba bana ba, ba baɗi ba, amma don a san inda zai bi a zamanin jikokin jikokinta muke auna shi. Ta ce to mu auna da kyau. Mun kama shi, hoto biyu kacal ya yi baƙi. A takardar da suka aiko sun kira ni mutum mai tsantseni. Na kan je gaida Malam Barmo da salla, in kai masa labarin irin waɗannan, ya saurara ya sa mini albarka.

Sai wata rana saƙo ya shigo daga masu tattara layuka. Dutsen nan na waccan shekara ya sake rufe wani tauraro a wata ƙasa, kamerori da yawa suka ga ya mutu sau biyu. Yana da ɗan rakiya. Sun tono tsofaffin takardu, sun lissafa baya, suka ga layin tsohon ya faɗa daidai inda ƙaramin zai kasance a daren. Nawa ne kawai ya hana. Suka ce ko zan duba, wataƙila na yi kuskuren rubuta wurin da na tsaya, don a lokacin ba mu da na'urar wuri. Da na ce haka ne, da maganar ta mutu, kowa ya fita da mutuncinsa. Kwana uku ina rubuta wannan amsar ina gogewa. Rana ta huɗu na hau moto zuwa Gidan Rumji.

Na same shi da hantsi a zaure, a kan tabarma. Yanzu kam yanar ido ta rufe masa ido biyu, da murya ya gane ni. Na fara da labari mai daɗi. Ya yi wata ƴar dariya.

“Ashe shina da ɗa.” Ya shafa gemu. “To kai mi ya hana ka ganin shi? Ƙila akwai ƴar rata tsakanin layina da naka. Ɗan dutsen ƙarami ne, shina iya kuɓuce maka.”

“Ba rata ba ce, Malam. Ba tauraron na kalla ba. Na juya madubi ina nuna wa mutane mai zobe, na dawo a gurguje na kama wani. Tun a daren na gane.”

“Tun a daren.”

“Tun kafin in rubuta.”

Ana ta wucewa da jakuna a waje. Sai ya yi tambayar aiki: wanne na kama? Na ce na murhun yamma, wanda ba shi da ƙarami a gefe. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma wannan ya taɓa ruɗa shi.

“Ɓatan tauraro ba komi ba ne,” ya ce. “Amma lokacin da idon nan yake da kyau na ajiye shi, don na ɗauka ya yi mani ƙarya. Yau ka maido mani shi, ga shi babu shi.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce in ɗauko takarda tukuna. A nan gabansa na rubuta amsar da Faransanci, a kan gwiwata, ya ce in karanta masa. Na karanto har inda na ce na yi kuskure a rahotona. Ya ɗaga hannu.

“Kuskure a madubi ka yi shi. Abin da ka yi a takarda wani suna gare shi.”

Na soke kalmar na rubuta ƙarya. Na sake karantawa daga farko. Ya ce ya yi. Sannan ya kira a kawo fura, muka sha a ƙwarya ɗaya. Da zan tafi na sake roƙon gafara, ya ce Allah shi yafe mana baki ɗaya. Ban matsa in ji fiye da haka ba.

Sun amsa cikin mako guda. Layina na daren an janye shi, da dalilin a rubuce, duk wanda ya buɗe kundin zai gani. Sauran layukan da na yi da ido a waɗannan shekaru, har da na Gangara na sakan bakwai, an sa musu alamar shakka, kuma ban nemi a cire ba. Buba da ya ji, a rabon layi na gaba ya ce a haɗa mu.

Layin Malam Barmo kuwa sun maido shi, da sunansa, a matsayin wanda ya fara ganin ɗan rakiyar. Na kira wayar gidan, aka kara masa a kunne, na karanta masa a hankali.

“Sakan nawa suka sa?” ya ce.

“Biyu da ɗigo ɗaya, Malam.”

“Haka na ba su,” ya ce, ya miƙa wayar.